Dubu Goma da Ɗaya, Gagara-Rabo

Mu mutanen Dorrewoud ba a san mu da kyauta ba, ba a kuma san mu da cin haƙƙi ba. Abin da aka san mu da shi rabo ne. In ka ba mutum biyar na garinmu dafaffen ƙwai ɗaya, sai sun kira taro, sun naɗa shugaba, sun aika a ɗauko wuƙa da ma'auni. Ƙwan zai huce ya sandare, amma kowa zai tashi da nasa daidai da na ɗan'uwansa. Akwai gidaje biyu da har yau ba sa ga-maciji a kan yankan cuku da ya fi wani kauri a wurin wani biki. Ba alfahari nake yi ba, haka aka halicce mu.

To a irin wannan gari ne Sibrand Kooiman ya wayi gari ya ce ya gano lambar da ba ta rabuwa.

Sibrand tsohon mai raba wasiƙu ne. Tun yana saurayi yake kan keken gidan waya har gashin bakinsa ya yi fari aka sallame shi da fansho, kuma a ganinsa tun daga ranar babu wasiƙar da ta sake isa kan lokaci a ƙasar nan. Bai taɓa aure ba. Ya ce bai samu wadda ta kai ba, matan garin kuma suka ce ai bai tambaya ba ne, da ya ji amsa. Da wansa Rinse, manomin fure, ya rasu, sai ya bar masa rumfa cike da albasar tulif, wato 'ya'yan furen nan masu kama da albasa da ake binnewa da kaka su tsiro da bazara. Sibrand ya zuba su a injin ƙirga na marigayin, inji ya yi ta ƙara yana tari, daga ƙarshe ya tsaya a kan dubu goma da ɗaya.

A makon ne kuwa ya ji a rediyo cewa wani masani a wata ƙasa ya gano wata ƙatuwar lamba da ba ta rabuwa da komai, har an buga hotonsa a jarida. Sibrand ya dubi injin, ya dubi kansa a gilashin taga, ya ga babu abin da masanin nan ya fi shi sai sa'a.

Ya zauna a teburin girki da fensir. Ya raba da biyu, ɗaya ta yi saura. Ya raba da uku, biyu suka rage. Ya bi su ɗai-ɗai yana gumi yana lasar bakin fensir, kowace ya gwada sai an samu ragowa. Yana gama saba'in da biyu agogon coci ya buga shida. A ƙasar nan kuwa ƙarfe shida dankali yana kan tebur, ko gidanka ne ke ci da wuta sai ka share kwano kafin ka nemi ruwa. Sibrand ya ajiye fensir. Gidajen Dorrewoud saba'in da biyu ne, wannan ya san shi kamar yunwar cikinsa, domin babu ƙofar da bai cusa wa wasiƙa ba, babu karen da bai yaga masa wando ba. Abin da ya gagari Dorrewoud kaf, wa ya isa ya iya shi a duniya? Ya ci dankalinsa hankali kwance.

Washegari ya banko ƙofar shagon gahawa na Griet, wadda ita ce kuma shugabar kwamitin gari.

"Griet, zuba mini gahawa, ki sa biskit biyu. Yau ranar tarihi ce."

"Kofi ɗaya, biskit ɗaya, ko sarki ne ya shigo," in ji Griet. Ta miƙa masa, ta rufe gwangwani.

Okke mai cuku yana zaune a lungunsa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Sibrand, kuma tun suna aji ɗaya a makaranta ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko da yanayin sama ne.

"Maƙwabci, me ka gano kuma?" in ji Okke. "Wancan karon maganin sanƙo ne, ga kanka nan yana ɗaukar ido."

"Kai dai saurara ka ƙaru. Lambobi dangi-dangi ne, kamar mutane. Akwai cika, irinka ke nan, masu taushin ciki, duk wanda ya zo sai ya raba su biyu ya wuce. Akwai mara, masu ɗan taurin kai, amma yawancinsu in aka zo musu da uku ko biyar sai su saki jiki. Sannan akwai 'yan sarauta, waɗanda ba mai raba su sai ɗaya ko su kansu. Na sa musu suna gagara-rabo. Bakwai tana cikinsu, sha uku tana cikinsu, amma waɗannan yara ne. Ni uwarsu na kamo." Ya tsoma yatsa a gahawa ya zana a kan tebur. "Ɗaya, sifiri uku, ɗaya. Karanta ta daga gaba, karanta ta daga baya, ita ce dai. Ba ta da fuska biyu kamar wasu masu awon cuku."

"Goge mini tebur," in ji Griet.

"Babu abin da ba ya rabuwa," in ji Okke. "Kakata ta raba kifi ɗaya wa mutum tara, har kyanwa ta samu kai."

"Da wuƙa! Albasar fure in ka yanka ta ka kashe ta. Guda-guda nake nufi, kowa daidai da kowa, babu saura, babu giɓi."

Nan fa kowa a shago ya waigo. A gaya wa mutumin Dorrewoud akwai abin da ba zai iya rabawa daidai ba, gara a zagi uwarsa. Sibrand ya ga idanu sun dawo kansa, abin da ya daɗe yana ƙishirwa, sai kai ya ɗau zafi. A lokacin an gama sabuwar gada a kan ƙoramar da ta ratsa gari, kwamiti yana ta zama a kan sunan da za a sa mata, domin duk sunan da aka kawo sai a ga ya fi karkata ga tsallake ɗaya.

"Ranar shuka zan kawo su dandali gaba ɗaya," in ji shi. "Ku raba yadda kuka ga dama. In ta gagare ku, gada ta ci sunana."

"In ta rabu fa?" in ji Okke.

"In ta rabu, albasa taku ce, ni kuma na bar garin nan. Na koma birni wurin Yaya Alida."

Wani tsoho ya ƙware da gahawa. Kowa ya san Alida. Tana zaune a hawa na tara na wani bene, inda ba a shan lofe, ba a shiga da takalmi, ba a zama a kujerar falo sai ranar Lahadi. Ta daɗe tana cewa a ba ta ƙanin nan nata wata shida ta mai da shi mutum. Sibrand da kansa ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya yi da-na-sani, domin gaskiyar magana ita ce yana son garin nan fiye da yadda zai iya faɗa, kuma bai taɓa kwana a wani wuri ya yi barci ba. Amma magana zarar bunu ce. Okke ya riga ya miƙo hannu, Griet ta ce ta shaida, aka tafa.

Kafin azahar gari ya ɗauka. Matan da ke waƙa a coci, su goma sha ɗaya, suka zauna suka yi lissafi, biyu suka yi musu saura, suka tashi suna zargin juna. 'Yan kwana-kwana na sa-kai, su sha uku, huɗu suka rage musu. Masu kamun kifi bakwai suka gwada suka kasa, suka ce laifin fensir ne. Duk wanda ya kasa sai ya zo shagon Griet ya tarar da Sibrand zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Nawa ya rage muku? Biyar? Sannu da ƙoƙari. Ai ba laifinku ba ne, ba kowa aka ba kai ba."

Ya fara zuwa gada da yamma yana auna inda allon suna zai zauna. Ya je wurin mai hoto ya ɗauki hoto yana riƙe da albasa guda, ya kafa mata ido kamar yana jin abin da take cewa. Har ya daina gaisawa da mutane da suna, sai ya ce, "Sannu, cika," ko "Ina kwana, mara."

Ana haka, wata safiya ya shiga rumfa ya ga ɓawo a ƙasa. Ɓera ya cinye guda ɗaya, ya bar masa gindi. Sibrand ya dafe bango. Dubu goma cif! Lambar da ko ɗan yaye zai raba ta da biyu, da huɗu, da biyar, da goma, karuwar lambobi wadda ba ta ƙin kowa. Ya garzaya kanti, aka ce sai dai ya sayi ƙulli na goma. Ya sayi goma don yana son ɗaya? Ko da wuƙa a wuya ɗan Dorrewoud ba zai yi wannan ɓarnar ba. Sai ya tuna Okke ya riga ya binne tasa albasar a gaban gida.

Yana durƙushe a bakin shingen Okke, hannu cikin ƙasa har gwiwar hannu, ɗuwawu sama, ya ji murya daga taga.

"Maƙwabci, wasiƙa ka ɓatar a nan?"

"Ƙasarka nake dubawa. Ta yi tsami. Don zumunci nake yi."

"Allah sarki. Me ke hannunka?"

"Dutse."

"Dutse mai saiwa? Kai, ilimi kogi ne." Okke ya fito da takalmin gida, ya tono wata ya ɗora masa a hannu. "Riƙe biyu. Ba a san ni da rowa ba."

"Ɗaya nake so!"

"Kyauta ce, ba a mai da kyauta."

"Dubu goma da biyu cika ce, Okke! Ka san abin da kake yi!"

"Ni mai cuku ne, ina na san lissafin manya?"

Sibrand ya koma gida da biyu. Jefarwa ɓarna ce, mayarwa abin kunya ne, haɗawa da sauran kuwa halaka. Daga ƙarshe ya jefa ɗaya a buhu, ya binne ta biyun a cikin tsohon takalminsa na aiki ya tura ƙarƙashin gado. Sannan ya ari kyanwar fasto ya kulle a rumfa, kyanwa ta ƙi kama ɓera ko ɗaya, ta yi kashi a buhu uku.

Ranar shuka ta zo da iska irin wadda ke cire hular mutum ta kai wa maƙwabcin gari. Okke ya ce ga motarsa ta cuku, a zuba buhuna a ciki. Sibrand ya ce lambar sarauta ba ta shiga motar da ke warin ƙafa. Ya jibga buhunan duka a akwatin keken ɗaukar kaya, ya sa rigarsa ta gidan waya mai maɓallan tagulla, ya hau. A dandali an taru, 'yan badujala suna busa, har Alida ta iso daga birni ta ajiye motarta a gefe da ƙaton akwati wanda babu komai a cikinsa.

Ya hau gadar da ƙyar yana nishi. A tsakiya ya saki hannu ɗaya don ya ɗaga wa jama'a. Iska ba ta jira ya gama ba. Keke ya karkata, buhu biyu suka fashe, albasa ta gangaro kan titi kamar an buɗe wa tumaki ƙofa, shi kuma mai lambar ya wuce ta saman ƙarfen gada ya faɗa ƙorama da kai.

"Albasa!" ya yi ihu da ya ɗago, ganyen ruwa a gashin baki. "Ku bar ni, ku kama albasa!"

Mu kuwa, abin kunya, muka bi maganarsa. Gari duka ya watse yana bin albasa, mata da bakin zane, maza da hula, fasto da rarrafe a ƙarƙashin benci. Sai da aka tsince titi tas sannan wani ya tuna ya miƙa masa manjagara ya kama aka jawo shi. Griet ta tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya ta ba shi rigar wankanta, ruwan hoda mai zanen furanni, wadda ta tsaya masa a gwiwa. Aka gungura injin ƙirga daga rumfa aka sake zubawa. Inji ya tsaya a dubu goma.

"Shi ke nan, a kawo mutum goma," in ji Okke.

"Ba wanda zai motsa! Akwai ɗaya! A caje kowa!" in ji Sibrand.

Ana cikin cacar baki mai busa ƙaton ƙahon badujala ya ce shi fa tun ɗazu ƙahonsa ya toshe. Ya cika kumatu ya hura da ƙarfi, albasa ta fito fit ta bugi hular Alida. Aka jefa ta a inji, dubu goma da ɗaya ta cika. Sibrand ya ɗaga hannu sama, rigar wanka ta buɗe, matan coci suka kau da kai.

"To," in ji Griet, "kwamiti ya zauna ya yanke. Za a raba yadda muka gada, gida-gida. Kowane gida ya kawo bokiti."

Sibrand ya ji wani sanyi a ransa. Saba'in da biyu! Ai ita ce ta ƙarshe da ya gwada kafin dankali, sittin da biyar ke saura. Aka jera bokitai a dandali, ya bi su yana ƙirgawa yana kiran sunan kowane gida da sunan karensa, saba'in da biyu daidai. Ya hau kan akwatin lemo ya fara jawabi a kan yadda tarihi ke zaɓen mutanensa.

"Dakata," in ji Griet. "Ina bokitinka?"

"Nawa? Ni ne mai bayarwa."

"Gidan da ke jikin na Okke, mai koriyar ƙofa, na wane ne?"

"Nawa ne, amma..."

"Hayaƙi yana tashi a cikinsa?"

"Yana tashi."

"To tun da aka kafa garin nan ba a taɓa rabo an tsallake gidan da hayaƙi ke tashi ba. Okke, ara masa bokiti."

Sibrand ya tsaya baki buɗe. Duk tsawon aikinsa, wasiƙar da ta zo da sunansa a aljihu yake sakawa tun daga ofis, bai taɓa tsayawa a ƙofar kansa ya cusa komai ba. Ƙofofin da yake tsayawa ya ƙirga, ya manta da wadda yake fitowa daga ciki. Saba'in da uku. Ya yi ƙoƙarin rabawa a ka, lambobin suka yi ta zamewa, ga sanyi, ga haƙora na kaɗawa. Ya ce wa kansa, abin da ya gagari saba'in da biyu, ƙarin ɗaya me zai yi masa? Okke ya dire bokiti a ƙarshen layi ya buga shi da ƙafa don ya ji ƙara.

Aka fara da goma-goma. Aka zagaya, aka sake zagayawa, tsibi yana raguwa, kowane mai gida yana tsaye a kan bokitinsa yana leƙen na maƙwabci. Da aka yi zagaye goma sha uku kowa ya samu ɗari da talatin, abin da ya rage bai isa goma-goma ba, sai aka koma ɗai-ɗai. Griet ta sa aka zube ragowar a kan tebur don kowa ya gani. Aka yi zagaye shida, ya rage 'yan kaɗan a shimfiɗe.

Duk abin da za a ce game da Sibrand, idonsa na mai raba wasiƙu ne. Kallo ɗaya yake yi wa jaka ya san ko za ta kai ƙarshen layi. Ya dubi tebur, ya dubi bokitai, ya sake duban tebur. Kowane bokiti da tasa, babu saura, babu giɓi. Ya waiga ya ga Alida ta buɗe bayan mota tana karkaɗe akwati. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya matsa jikin tebur kamar mai gyara tsayuwa, ya dafe guda ɗaya a tafin hannu. Ya lalubi aljihu. Rigar wankan Griet ba ta da aljihu. Hularsa tana ƙorama. Sai ya yi kamar zai yi tari, ya kai hannu baki, ya cusa ta ciki.

Aka yi zagayen ƙarshe. Albasa tana faɗawa bokiti, jama'a suna ƙirgawa da murya ɗaya. Saba'in. Saba'in da ɗaya. Saba'in da biyu, bokitin Okke. Griet ta kai hannu tebur ta shafo katako.

Ɗaya ta kasa. Wata tsohuwa ta fara kuka a hankali, ba don albasa ba, don mutuncin gari. Okke ya cire hula ya sosa kai.

"To, maƙwabci," ya ce, murya a dushe, "ka ci. Ban so ba, amma ka ci. Hau ka faɗi sunan gada da bakinka."

Sibrand ya girgiza kai, ya yi alama da hannu wai a bar shi, tawali'u ya hana.

"Kai ne yau ba ka son magana? Griet, kira likita."

"Me ya kumbura maka kumatu?" in ji Alida daga bayan jama'a. "Sibbe! Tun kana yaro na hana ka cusa abu a baki. Buɗe in gani!"

"Mm-mm," in ji Sibrand.

Albasar tulif ɗaci gare ta, ga ƙasa, ga abin da kyanwar fasto ta bari a buhu. Idanunsa suka kawo ruwa, hancinsa ya fara motsi. Ya riƙe, ya riƙe, ya ɗaga kai sama yana roƙon duk wanda ke jin roƙo. Atishawa ta zo kamar harbin bindiga. Albasa ta yi tsalle ta bugi gefen tebur, ta gangara a kan duwatsun dandali. Griet ta sunkuya ta ɗauka da yatsa biyu, ta goge a jikin rigar da ke jikinsa, ta jefa a bokitinsa.

"Ɗari da talatin da bakwai," ta ce. "Kowa da kowa. Babu saura."

Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. 'Yan badujala suka busa waƙa uku a lokaci ɗaya. Mutanen da suka shekara ba sa magana suka rungumi juna. Malamar makaranta ta matso ta ce masa kada ya damu, lambarsa ba 'yar sarauta ba ce amma jikar gida ce, domin saba'in da uku da ɗari da talatin da bakwai duk gagara-rabo ne, su suka haife ta. Sibrand bai ji ta ba. Yana tsaye ba takalmi yana kallon koriyar ƙofarsa daga nesa.

"Alkawari kaya ne," in ji Alida, ta kama shi a gwiwar hannu. "Muje ka haɗa kaya. Lofen nan kuma a nan za ka bar shi."

Bai yi musu ba, abin da ya fi ba mutane tsoro ke nan. Ya bi ta kamar rago, kai a ƙasa. Murna ta fara yin sanyi. Mun yi dariyarsa shekara da shekaru, amma babu wanda ya taɓa tunanin yadda shagon Griet zai kasance in babu wanda za a yi wa dariyar. Sai dai babu mai iya buɗe baki, domin a wurinmu wanda ya tafa hannu ya tafa.

Tsoho Folkert, wanda ya fi kowa shekaru da kuma ƙwaƙwa, shi ya ɗaga sanda.

"Bokitinsa fa? In ya tafi, hayaƙi ya mutu a gidan. Gidan da ba hayaƙi ba ya cikin rabo."

"Sai a raba nasa," in ji wani.

"Ɗari da talatin da bakwai, gida saba'in da biyu," in ji Griet. Ta motsa leɓe tana lissafi. "Ɗai-ɗai, sittin da biyar su yi saura."

"A ba tsofaffi!" in ji Folkert.

"A kan me? Mu masu yara fa?"

"Ku da kuka samu manya-manya? Dubi nawa, duk ƙanana!"

"Wa ya ce a tsallakenku za a fara?"

Kafin ka ce kwabo an fara jan bokiti. Waɗanda suka rungumi juna ɗazu suka tuna da maganar yankan cuku. Wata mata ta kifa wa mijin ƙanwarta bokiti a ka. Fasto ya shiga tsakani aka taka masa ƙafa. Okke ya kutsa ta cikin rigimar da gudu, tumbi na rawa, ya sha gaban motar Alida ya baza hannuwa.

"Ba inda za shi!"

"Ya yi alkawari," in ji Alida.

"Ya ce in ta rabu zai tafi. To in ya tafi ba ta rabu ba! In ba ta rabu ba, me zai kai shi birni?"

"In ya zauna kuma ta rabu," in ji Alida.

"To ya zauna ta rabu, mu mun yafe! Baiwar Allah, dubi dandalin nan. In kika tafi da shi, sai jikokinmu sun gaji wannan faɗan."

Griet ta hau akwatin lemo ta buga murfin gwangwani, ta ce wanda ya yarda Sibrand Kooiman ya zauna a gidansa don a samu daidaito ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, har da na wanda bokiti ke kansa. Ta ce maganar gada kuma kwamiti zai ci gaba da zama. Alida ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce ta daɗe da sanin garin mahaukata ne, ta rufe akwatinta ta ja mota.

Sibrand ya tsaya a tsakiyar titi, hawaye na bin gashin baki. Daɗi ne ya kama shi.

"Kuka kake yi, maƙwabci?" in ji Okke.

"Albasa ce. Ka taɓa tauna ta?" Ya ja hanci, ya gyara ɗamarar rigar wanka, ya dubi jama'a, sai ga ƙirji ya fara tasowa. "Amma dai kun gani da idonku. Gida saba'in da biyu, ga mai cuku, ga malama, ga fasto, kun taru kun kasa raba albasa sai da aka sa ni a layi."

"Ɗauki bokitinka ka tafi gida," in ji Okke.

Ya ɗauka. Kafin ya kai koriyar ƙofar ya tsayar da mutum uku a hanya, waɗanda duk a gabansu aka yi komai, ya ba su labarin yadda ya ceci garin.